Gwazan Misisi

A Wurno, zamanin da Turawa ke yawon rangadi da 'yan dako a bayansu, an yi wani manomin albasa ana ce masa Mainasara. In ka ji shi yana magana sai ka rantse shi ya koya wa albasa yaji. Ya ce yana iya ɗanɗana ƙasa da harshe ya gaya maka abin da aka shuka a cikinta bara. Ya ce ya taɓa noma albasa guda da sai da aka fasa ta da gatari kafin ta shiga mangala. Da aka tambaye shi wa ya gani, ya ce duk sun rasu, Allah ya ji ƙansu. Tsakani da Allah lambun nasa ba laifi, sai dai bai kai rabin bakinsa ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, wato sarautar Sarkin Lambu. Tsohon da ke riƙe da ita ya rasu, Hakimi bai naɗa kowa ba, mutum biyu kuma ake ambata. Na farko Mainasara, domin shi da kansa ke ambaton kansa a kasuwa da bakin masallaci. Na biyu Tambari, taubashinsa, ɗan kawunsa, mutumin da ba ya buɗe baki sai in zai ci tuwo ko zai tsokani Mainasara. Sarkin Lambu shi ke raba rigimar ruwa tsakanin masu jigo, shi ke zama gaba in manoman fadama sun je gaisuwa. Mainasara yana son wannan zama na gaba, so na gaske, har yakan tsaya shi kaɗai cikin albasa yana gwada yadda zai ɗaga hannu ya amsa gaisuwa.

Ana nan sai Baturen gona ya sauka a barikin Wurno da matarsa, wadda kowa ke kira Misisi. Za su tafi ƙasarsu hutu na 'yan watanni. Misisi tana da wani tsiro a cikin tukunya da ta taho da shi tun daga Ikko, mai faffaɗan ganye kore shar, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Ta ƙi barin sa a gidansu na Sakkwato, don a wancan hutun ta bar wa kuku wani irinsa, ta dawo ta tarar ya bushe ana shanya tsumma a kansa. Mijin ya ce mata a Wurno akwai mutanen da suka san tsiro. Aka kawo tukunyar zauren Hakimi, aka dire ta gaban manoma, aka ce amana ce.

Yusha'u tafinta ya gyara murya ya ce, "Ranka shi daɗe, Misisi ta ce sunanai filodendiron."

Ba wanda ya yi gangancin maimaitawa.

"Ga abin da taka roƙo. Kada a taɓa ƙasad da ac cikin tukunya. Kada shi ga rana, a aje shi ga inuwa mai haske. Ruwa kuwa, sai an tura yatsa an ji ƙasa ta bushe, kana a ba shi."

Hakimi ya dubi manoma ya ce, "Wa yas san wanga abu?"

Tambari ya sosa ƙeya ya ce, "Allah shi ba ka nasara, ni ban taɓa ganin irinai ba."

Mainasara ya ga ƙofa ta buɗe, ya faɗa da kai da ƙafa. "Ni na san shi, ranka shi daɗe! Tun ina yaro. Kakana ya noma shi kadada guda."

"Kakanka kakana na, taubashi," in ji Tambari. "Ban ji ya hwaɗi ba."

"Ba kowane jika aka ba sirri ba."

Hakimi dattijo ne mai haƙuri, amma ya daɗe da gajiya da zancen rawanin nan. Ya ce, "To, Mainasara, ɗauki. In Misisi ta komo ta iske abinta da rai, rawanin Sarkin Lambu naka na. In ko ya mutu, ka ba ni kunya gaban baƙi, kada in koma jin bakinka ga zancen sarauta."

Mainasara ya faɗi ya yi godiya, ya ɗora tukunya a ka, ya bi ta hanyar kasuwa, ko da yake gidansa ba ta can yake ba.

Da ya shiga gida, matarsa Kaltume ta bar daka ta zagaya tukunyar tana kallo. Ta ce, "Maigida, wanga mi aka yi da shi? Miya aka yi, ko magani na?"

Tambayar ta shige shi. Ya zauna ya tasa tsiron a gaba yana nazari. Bature dai, a tunaninsa, ba ya ɗaukar kayan banza. Mutumin da ke auna hanya da igiya ba zai sa a ɗauko ganye tun daga Ikko don kawai ya ba shi ruwa ba. Duk abin da ake ba ruwa, ci ake yi, ko a sayar, ko a sha don ciwo. Ya ƙara duban ganyen, faffaɗa, mai tsini a baki, mai kafaɗu biyu a baya. Sai ya daki cinya.

"Kaltume! Gwaza na! Gwazan Turawa! Ɗiyan na nan ƙasa ɓoye. Shi suka ci suna yin ja, shi yas sa ba su son a taɓa ƙasa, kada mu gane."

"To, Allah shi sa," in ji Kaltume, ta koma kan turminta.

Ya ɗebo ruwa a buta ya tuttula wa baƙon nasa na maraba. Bai ankara ba sai ya ji sanyi a yatsun ƙafarsa. Ya ɗaga tukunya ya leƙa gindinta, sai ga huji, yatsa na shiga. Mainasara ya yi salati. A Wurno ko marowaci ba ya ba baƙo ruwa a tukunya mai yoyo, ga matar Baturen gona guda tana yawo da ita gari gari. Tausayinta ya kama shi ƙwarai. Ya rungumi tukunya ya nufi gidan Inna Habi maginiya.

Inna Habi ta juya tukunyar, ta shafa hujin ta ce, "Wanga ba hwashewa ba ta. Da gangan anka huda ta, tun tana ɗanya."

"Haba Inna, wa ka huda tukunya da gangan?"

"Ni dai abin da nig gani nika hwaɗi."

"Baƙi na, Inna, kunya ta hana su roƙo. Liƙe mani shi, liƙin da ko zuhwa ba ta hita."

Inna Habi ta ɗaga kafaɗa. Ta ce sai an juye abin da ke ciki. Suka zare tsiron suka juye, nan kuwa Mainasara ya ga abin da ya fi hujin tayar masa da hankali. Ba ƙasa ba ce a ciki. Gutsattsarin ɓawon itace ne, da gawayi, da ruɓaɓɓen ganye, da wani zare-zare kamar na bayan kwakwa, da ɗan yashi. Ya damƙa a hannu, abin ya ƙi dunƙulewa, sai warwatsewa yake yi. Ya kai harshe ya ɗanɗana, ya tofar.

"Shara! Wallahi mutanen Ikko ba su da tsoron Allah. Sun ga baƙuwa sun cika mata tukunya da shara."

Ya kwashe ya watsa a juji, kaji suka bi suka tone. Da ya dawo gida da tukunya liƙe da yumɓu da ƙaro, da tsiro a hannu saiwoyinsa na reto, Kaltume ta riƙe haɓa.

"Maigida, ba an ce kada a taɓa ƙasa ba?"

"Ke kin ga ƙasa? Ni zan kawo ƙasa. In Misisi ta komo sai ta yi kuka don daɗi."

Ya tsoma tsiron a cikin kwatanniyar wanke-wanke, ya ɗaura wa jaki mangala, ya kama hanyar Rabah. Kowa ya san in ana zancen gwaza, baƙar lakar bakin gulbin Rabah ake nema, mai danƙo, wadda in ta kama ruwa ba ta saki. A can ya iske wani mai lambun gwaza ana ce masa Mode, ya yi masa sallama, ya gaya masa shi ne Sarkin Lambun Wurno mai jiran gado. Mode ya nuna masa gefen da ake ɗiba. Mainasara ya ce a'a, wannan ta talakawa ce, shi ta can tsakiya yake so, wadda ƙafa ba ta taɓa takawa ba.

Mode ya ce, "Akwai dalilin da yas sa ƙahwa ba ta taka ta ba."

Mainasara bai tsaya jin dalilin ba. Ya ja jaki, jaki ya turje, domin jakin ya fi shi sanin laka. Ya koma baya ya tura shi, jaki ya kauce, Mainasara ya wuce shi kaɗai. Ya nutse har gwiwa. Ya yunƙura ya nutse har cinya. Ya ce wa Mode kada ya damu, auna zurfin albarka yake yi. Sai da ta kai masa ƙugu sannan ya yarda a jefo masa igiya. Masu jigo suka taru suka ja, Mainasara ya fito, wandonsa bai fito ba. Matan da ke wanki a gaɓa suka juya baya suna ƙyaƙyatawa. Mode ya ara masa wani tsohon walki, ya kuma cika masa mangala da laka don dai ya tafi.

"Wane irin gwaza na wanga da kaka ma wagga wahala?" in ji Mode.

"Irin wanda guda ɗai ka ƙosad da gida. Ran girbi ka taho Wurno, ina ba ka iri."

A gida ya cika tukunya da lakar, ya dasa tsiron a tsakiya, ya karɓi taɓaryar Kaltume ya daddaka gefe gefe har ƙasar ta yi tauri kamar daɓe. Ya ce don kada iska ta shiga ta sace ni'ima. Ya zuba ruwa ya zuba, har ya kwanta a sama yana sheƙi yadda yake kwantawa a fangalin albasa. Ko ɗigo bai fita ta ƙasa ba, ya sa wa Inna Habi albarka.

Saura zancen inuwa. Wannan ma bai ba shi wuya ba. Wane manomi ne ya taɓa ganin shuka ta yi kirki a ƙarƙashin itace? Turawa su ne rana ke gasawa, shi ya sa suke zaton kowa haka yake. Ya jingina tsani, ya sa Kaltume ta riƙe, ya hau da tukunya bisa soro inda ba abin da zai shiga tsakaninta da ranar Wurno. Safe da yamma yana hawa da tulu. Duk wanda ya wuce ta lungun sai ya ɗaga kai, shi kuwa daga sama yana yi musu bayani ba tare da an tambaye shi ba.

Ba a daɗe ba ganyen ya fara ƙonewa a baki baki. Sheƙin ya tafi. Sai kore ya soma komawa rawaya. Maƙwabta suka shiga kawo shawarwari. Wata tsohuwa ta ce ciwon shawara ne ya kama shi, a jiƙa masa saiwar rawaya. Wani ya ce bakin mutane ne, a rataya masa laya. Mainasara ya ce duk jahilci ne, amma da ba kowa ya rataya layar. Sauro kuma suka gano akwai tafki a bisa soro, suka tare a gidan da iyalansu.

Tambari ya zo ya tsaya a gindin tsani, ya kare ido da hannu. "Taubashi, baƙonka lahiya? Na ga ya sake riga."

"Hutawa shika yi."

"Awo. Marigayi Sarkin Lambu ma haka yah hwara hutawa."

Mainasara ya yi dariya da ƙarfi, amma ta baki ce kawai. Ya ji tsoro, tsoro na gaske. Ya ga rawani yana tashi daga kansa tun bai sauka ba, ya ga Tambari zaune a gaba shi yana baya yana cewa amin. Ya kasa cin tuwo. Ya tafi lambunsa don ya kauce wa idon mutane, ya zauna a bakin fangali ya yi tagumi.

A nan ne ya ga abin da ya ƙarasa shi. Albasarsa ta farko ta nuna. Ganyenta ya yi rawaya, ya yi laushi, ya kwanta, a ƙasa kuwa ga kawuna sun fasa ƙasa sun leƙo. Mainasara ya dubi albasa, ya dubi wajen gidansa, ya miƙe tsaye. Yaya aka yi ya manta abin da kowane manomin albasa ya sani? In sama ta mutu, ƙasa ce ta cika. Ya sheƙa gida da gudu yana kiran Kaltume tun daga bakin lungu.

"Ya hwara ɗiya! Rawayag ga ba ciwo ba ta, nuna ta!"

Kaltume ta ce, "Maigida, ni wari nika ji."

"Warin albarka na."

Yanzu abin da ya rage shi ne a ƙara wa 'ya'yan ƙiba kafin Misisi ta dawo. In kuwa ana neman sirrin ƙiba, sai Goronyo, inda albasa ke yin kan jariri. Ranar kasuwa ya isa, ya nemi wani tsohon manomi mai suna Sale, ya gaishe shi, ya kewaya ya kewaya don kada ya saki sirri.

"Baba Sale, in shuka ta hwara rawaya, kana son ƙasa ta cika, mi kuka yi nan?"

"Albasa?"

"Kusan haka."

"Kusan haka kamar mi? Tahwarnuwa?"

"Ta hi nan daraja."

Sale ya dube shi sama da ƙasa ya ce shi dai albasa ya sani. Tun tana ƙarama akan ba ta kashin tantabara kaɗan da toka, in kuma ta kusa, a bi da ƙafa a kwantar da ganyen don ƙarfin ya koma ƙasa. Mainasara ya ce dama ya sani, gwada tsohon yake yi. Ya so ya tafi da sirrinsa, amma sirri a bakin Mainasara bai taɓa kwana ba. Kafin kasuwa ta watse duk Goronyo ta ji cewa akwai gwazan Turawa a Wurno, wanda in ka ci ba ka ƙara furfura. Masu neman iri suka yi masa caa, ya yi wa kowa alkawari.

Ya dawo da buhun kashin tantabara. Sale ya ce tun tana ƙarama, ya kuma ce kaɗan, amma Mainasara ya ga gwazan Bature ba a yi masa rowa. Ya tula har bakin tukunya, ya bi da toka, ya bi da ruwa. Sannan ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya sa ƙafa ya kwantar da ganyen ɗaya bayan ɗaya. Ganyen albasa lanƙwasawa yake yi. Wannan karyewa ya yi, ƙas, ƙas. Abin da ya rage a tukunya kara ne guda, baƙi daga ƙasa, da ɗan guntu kore a can sama wanda bai kai tsawon yatsa ba.

Kaltume ta hau tsani da kanta ta leƙa, ta sauko ta same shi yana wasa wuƙa. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Maigida, don Allah ka saurare ni. Wanga abu ya mutu. Tahi wurin Hakimi tun baƙi ba su komo ba, ka hwaɗi gaskiya."

"Ke dai wanke babbar ƙwarya. Ki tanadi gishiri da yaji."

Ranar da Baturen gona da Misisi suka sauka bariki, Mainasara bai jira a aiko ba. Ya aika Rabah, ya aika Goronyo, ya ɗauko makaɗi. Washegari da hantsi ƙofar Hakimi ta cika maƙil. Ga Mode da mutanensa, ga Sale da masu neman iri kowa da ɗan kwandonsa, ga manoman Wurno, ga Tambari a gefe yana cin goro. Aka kawo wa baƙi kujeru kusa da Hakimi. Sai ga kiɗa, sai ga Mainasara cikin babbar riga, tukunya a kansa lulluɓe da zane, Kaltume a baya da ƙwarya tana tafe tana kallon ƙasa.

Warin ne ya fara isa. Fadawa suka ja rawani suka rufe hanci. Misisi ta ciro ƙyalle.

Mainasara ya dire tukunya ya ce, "Ranka shi daɗe, ganye anka ba ni, abinci nik kawo. Yusha'u, gaya ma Misisi mun gane sirrin, kuma ba mu yi hushi ba."

Ya yaye zane. Misisi ta dafe ƙirji ta yi wata 'yar ƙara. Mainasara ya juya ya kashe wa jama'a ido, wato kun gani, daɗi ne ya kama ta. Ya kifa tukunya a kan tabarma. Baƙin ruwa ya fara zubowa ya bi ta ƙarƙashin kujerar Baturen gona, sannan laka ta faɗo tim, dunƙule guda da siffar tukunya. Makaɗi ya ƙara wuta. Mainasara ya naɗe hannun riga ya tsaga lakar gida biyu. Babu komai. Ya tsaga kowane gida biyu. Ya cusa hannu ya lalube, ya marmasa, ya matse. Abin da ya fito wasu baƙaƙen zaruruwa ne masu santsi, suna narkewa a yatsu. Makaɗi ya rage hannu, ya rage, har ya tsaya.

"Ina gwazan?" in ji Mode.

"Ya nutsa ƙasa. Irin nasu nutsawa shika yi."

"Taubashi, ƙasan tukunya ta a hannunka," in ji Tambari.

Hakimi ya ce wa Yusha'u ya tambayi Misisi ina 'ya'yan suke fitowa. Yusha'u ya tambaya, ta amsa, ya juyo ya ce, "Ranka shi daɗe, ta ce ba shi ɗiya. Ba a cin shi. Aje shi aka yi cikin ɗaki ana kallo."

Sale ya ce, "Kallo? Kallo ɗai?" Wani daga baya ya ce, "A ba shi ruwa, a ɗauko shi daga Ikko, don a zauna ana kallo?" Gaskiya a wannan gaɓar rabin taron suna bayan Mainasara, don su ma abin bai shiga kansu ba.

Mainasara ya ji iska ta juyo wajensa. Ya ce, "Kun ji ko? Wa ka yarda da wanga zance? Ɓoyo na!"

Misisi kuwa ta taso daga kujera, ta durƙusa gaban lakar ba ta damu da rigarta ba. Ta hangi ɗan guntun nan kore a kan baƙin kara. Fuskarta ta washe, ta miƙa hannu tana magana da sauri sauri. Mainasara ya ga hannun, ya ga inda ya nufa, ya ga yadda idonta ya yi haske. Nan take ya gane komai.

"Ga shi nan! Ashe kara aka ci, kamar rake! Ku dubi yadda taka rawar jiki!"

Ya riga ta. Ya fizge guntun, ya jefa a baki, ya tauna da ƙarfi yana duban jama'a, yana gyaɗa kai don su san akwai daɗi.

Daidai nan Yusha'u ya gama saurare, ya juyo ya ce, "Ranka shi daɗe, ta ce an gode Allah. Ta ce wanga guntu kore na da rai. In anka dasa shi ga ƙasa mai sauƙi, tsirowa zai yi, abinta bai mutu ba."

Hakimi ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi. To, ai alkawali na nan. Ina guntun?"

Kowa ya dubi bakin Mainasara.

Ya tsaya da tauna. Ya tofa a tafin hannu, ya duba ko akwai abin da za a dasa. Dusa ce kore. Sai kuma wani abu ya taso masa a harshe, kamar ya cika baki da ƙaiƙayin gero. Ɗanyen gwaza yana da ƙaiƙayi, kowa ya sani, amma wannan uban ɗanyen gwaza ne. Leɓɓansa suka kumbura, harshe ya cika baki, hawaye da yawu suka haɗu a gemu. Misisi ta yi ta faɗa wa Yusha'u a ba shi madara, tsiron ba kisa yake yi ba, kumburin zai sace zuwa gobe. Kaltume ta ruga wajen masu nono da ƙwaryar da aka wanke don gwaza.

Hakimi ya ba baƙi haƙuri har Baturen gona ya ce ya isa. Sannan ya juyo ga manoma. Ya ce zancen Sarkin Lambu ya daɗe, yau za a gama shi, ya kira Tambari gaba. Amma al'ada ce ba a naɗi sai an tambaya ko akwai mai ja.

"Mainasara," in ji Hakimi, "kai ab babba ga Tambari, kuma kai kan nema. Na ce kada in koma jin bakinka, amma na janye. In kana da magana, hwaɗi, muna saurare."

Magana kuwa yana da ita. Zai ce shi ya fara kafa jigo a bakin fadamar gabas, wannan kuma gaskiya ne. Zai ce shekarar da ruwa ya janye shi ya raba rijiyarsa da maƙwabta, wannan ma gaskiya ne, akwai shaidu da ransu a wurin. Ya miƙe, ya gyara riga, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Abin da ya fito bai fi kukan ɗan maraƙi ba. Ya sake gwadawa. Jama'a suka yi shiru suna jira, shirun da bai taɓa samu ba duk tsawon rayuwarsa.

Hakimi ya jira iyakar jira, sannan ya ce, "To, a kawo rawani."

Makaɗin da Mainasara ya ɗauko ya juya ganga ya shiga kirarin Tambari. Mainasara ya koma gindin bango ya zauna, Kaltume ta tallafa masa ƙwaryar nono yana kurɓa, rabi na shiga rabi na zuba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da ya fi na harshen.

Da aka gama naɗi, Tambari ya ratso mutane ya zo ya tsuguna gabansa, rawanin ya karkace masa a kai don bai saba ba. Ya dube shi, dariya na cin sa, tausayi kuma na hana shi.

"Sannu, taubashi. Mi kac ce?"

Mainasara ya harare shi ta saman ƙwarya. Ya daɗe yana hararar. Sannan ya goge hannunsa a riga, ya miƙa, ya gyara wa Sarkin Lambu rawaninsa.